Auna Zirga-zirga da Tsara Hanyar Shigar Mota Kafin Buɗe Shagon Kayan Gini a Dutse

Kayan gini nauyi gare su, wasu kuma ga tsawo. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma tirela guda kan ɗauko buhu 600, wato tan 30, wata ma har buhu 900. Sandar rodi tana fitowa daga masana'anta da tsawon mita 12. Kwanon rufi, katako, bututu, tankin ruwa, tayil, babu wanda ake sakawa a leda a riƙe a hannu. Duk abin da ya shigo shagon a kan taya ya zo, a kan taya kuma zai fita. Don haka mai niyyar buɗe irin wannan shago a Dutse, ko a Kiyawa, Jahun ko Birnin Kudu, yana da tambaya biyu da zai amsa tun bai biya kuɗin fili ba: abin hawa nawa shagon zai ƙara wa titi, kuma ta ina mafi girmansu zai shiga ya fita.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta, gari yake ta faɗaɗa, kuma buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 ya ƙara wa harkar gini kasuwa. Sai dai yawancin kayan daga nesa suke zuwa. Rodi da kwano da katako galibi daga Kano ake sarinsu, a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa da 'Yan Katako, su biyo ta Wudil da Gaya zuwa Shuwarin, ko su ɓullo ta Kwanar Huguma. Simintin Obajana da na Sakkwato shi ma ta wajen Kano yake shigowa, na Ashaka kuwa ta ɓangaren Bauchi. Sanin ɓangaren da kaya za su riƙa fitowa yana da amfani, domin tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Tirelar da za ta karya dama ta shiga shago layinta kawai za ta tsare na ɗan lokaci. Wadda za ta karya hagu kuwa sai ta tsaya a tsakiyar titi, ta jira masu tahowa su yanke, sannan ta gitta gabansu da dukan tsawonta. Fili biyu masu kallon juna a titi ɗaya, kuɗinsu ɗaya, na iya bambanta ƙwarai saboda wannan kaɗai.

Abu na farko shi ne a san mai titin. Akwai na gwamnatin tarayya, kamar hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa Shuwarin, akwai na jiha, akwai na ƙaramar hukuma. A titin tarayya doka ta keɓe mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe a matsayin haƙƙin hanya, kuma katanga ko rumfa ko tulin bulo da ya shiga cikin wannan tazara yana iya gamuwa da rusau ranar da aka tashi faɗaɗa titi. Izinin buɗe mashiga a irin wannan titi daga ofishin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ake nemansa. A cikin birni kuwa Hukumar Raya Birnin Dutse ce ke duba zanen gini, ita ke faɗin tazarar da za a bari tsakanin titi da katanga, ma'aikatar filaye ta jiha kuma ita ke riƙe da bayanin abin da aka ware filin dominsa. Filin da takardarsa ta ce gidan zama ne, sai an nemi sauya masa manufa kafin ya zama wurin kasuwanci. A ɗaga kai kuma a dubi wayar wuta: layin da ke ɗauke da kilobolt 11 ko 33 ana barin masa mita 5.5 kowane gefe, kuma tifar da ta ɗaga bodi a ƙarƙashinsa tana wasa da rai ne.

Daga nan sai ƙidaya. Ba ta buƙatar na'ura. Mutum biyu, agogo, biro da takarda mai layi sun wadatar. Kowannensu ya ɗauki hannu ɗaya na titin a daidai inda ake son yin ƙofa, yana jan ɗan zane ɗaya ga duk abin hawan da ya wuce, a rukuninsa: babur, keke mai ƙafa uku, ƙaramar mota, bas, babbar mota, tirela da tanka. A ware wuri daban don masu tafiya a ƙasa, da amalanke, da garken dabbobi idan suna bi ta nan. Duk minti 15 a ja layi a soma sabon lissafi, daga bakwai na safe zuwa magariba. A ƙarshe ana neman layuka huɗu a jere da suka fi yawa, su ne awar cunkoso, kuma da ita ake yin dukan lissafin da zai biyo baya. Injiniyoyi kan mai da kowane rukuni zuwa ma'aunin ƙaramar mota, su ɗauki babur ƙasa da mota ɗaya, tirela kuma daidai da motoci kamar uku, don a san ainihin wurin da ake cinyewa a kan kwalta.

Ƙidayar yini ɗaya tana yaudara, musamman a Dutse. Gari ne na ma'aikata, saboda haka titunan da ke zuwa sakatariya suna cika da safe da kuma lokacin tashi daga aiki, su yi sakayau a ƙarshen mako. Hanyar Ibrahim Aliyu, inda jami'a take, yanayinta lokacin zangon karatu daban ne da na hutu. Ranar kasuwar Shuwarin motocin hatsi da na dabbobi suna canza kamannin hanyar baki ɗaya. Ga Juma'a, wadda daga azahar layin da ke kusa da masallaci kan toshe, ga kuma ƙarshen yini a watan azumi. Mafi ƙarancin abin da za a yi shi ne kwana uku: ranar aiki ta tsakiyar mako, ranar kasuwa mafi kusa, da Juma'a. Mai ƙidaya ya riƙa rubuta abin da ido ya gani wanda lamba ba za ta nuna ba: inda 'yan acaɓa ke tsayawa jiran fasinja, inda 'yan makaranta ke tsallakawa, da iyakar inda layin motoci ke kaiwa idan mararraba ta cushe.

Gudun motoci ma ana auna shi. A sa alama biyu a gefen titi, mita 100 tsakaninsu, a ƙirga daƙiƙoƙin da mota ke ɗauka. Daƙiƙa bakwai na nufin kusan kilomita 50 a awa, huɗu da rabi kuwa 80. Dokar hanya ta ƙayyade 50 ga ƙananan motoci a cikin gari, amma da gudun da direbobi ke yi a zahiri ake tsara ƙofa, ko da ya saɓa wa abin da ke rubuce a allo.

Mataki na gaba shi ne ƙiyasta abin da shagon zai jawo. Hanya mafi inganci ita ce a je wani shago mai irin girman da ake so, a zauna gefe a ƙirga masu shiga da fita na yini ɗaya ko biyu. Sannan a gwada da lissafin ciniki. A ɗauka, don misali, shagon zai sayar da tirelar siminti ɗaya a mako. Shigowarta tafiya ɗaya ce, amma idan kowane mai saye yana ɗaukar buhu 20, buhu 600 za su fita a ɗauka 30, kuma kowace ɗauka shiga ce da fita, wato motsi 60 a bakin ƙofa. A yi wa rodi da kwano da katako irin wannan lissafin, a ƙara masu zuwa tambayar farashi su tafi, da magina masu zuwa a babur don ƙusa kilo ɗaya ko gwangwanin fenti. Idan za a haɗa da buga bulo, to tifofin yashi da tankar ruwa sun shigo cikin lissafi, kuma nauyin da ke kan titi ya ninka. A yi ƙiyasin da cinikin rani, bayan an gama girbi kuɗi sun shigo hannun jama'a, domin lokacin ne gini ke tashi. Cinikin watan Agusta ba ya nuna gaskiyar shago. A Amurka an saba neman cikakken binciken zirga-zirga ne idan sabon wuri zai haifar da motsi 100 ko fiye a awar cunkoso. Da wuya shagon kayan gini a Dutse ya kai haka. Matsalarsa ba ta cika zuwa daga yawa ba. Tirela ɗaya da ta tokare titi minti goma tana ja da baya ta fi babura ɗari illa.

Wannan ya kawo batun da ya fi kowane muhimmanci, wato girman fili. Tirela da kanta tana kai tsawon mita 16 zuwa 17, faɗinta mita 2.5. Idan za ta zagaya ta juyo ba tare da ja da baya ba, tana buƙatar da'ira mai faɗin mita 25 zuwa 28. Fulotin da aka saba yankawa, ƙafa 50 a 100, mita 15 ne a 30. Ko babu gini ko ɗaya a cikinsa, tirela ba za ta juya ba. Mai ƙafa 100 a 100, wato mita 30 a 30, zai ɗauki juyin da ƙyar, amma sai a rasa inda za a kafa sito. Wannan lissafin ne mutane da yawa ke tsallakewa, su gina shago ya cika fili har bakin kwalbati, sannan su mai da titin gwamnati wurin sauke kaya. Sauke buhu 600 da ka aiki ne na awanni, kuma duk tsawon lokacin rabin titi a rufe yake, ana kewaye tirela ana shiga hannun masu tahowa.

Ƙa'idar da ake bi ita ce babbar mota ta shiga da gaba, ta fita da gaba. Ana samun haka ta hanya uku. Mafi sauƙi ita ce ƙofa biyu, ta shiga da ta fita, da hanya miƙaƙƙiya ko mai lanƙwasa kaɗan tsakaninsu. Filin kwana, ko wanda ke da layi a bayansa, ya fi dacewa da wannan, muddin layin bayan yana da faɗi kuma ba tsakiyar gidajen jama'a ba ne. Ta biyu ita ce fili mai faɗin da mota za ta zagaya a ciki. Ta uku ita ce a bar wani lungu a cikin harabar inda direba zai cusa kai ya ja da baya ya miƙe, duk a bayan katanga, da yaron mota yana duba masa. Idan fili bai ba da ko ɗaya daga cikin ukun ba, to ba wurin tirela ba ne. Abin da ya rage shi ne a kama sito a bayan gari, a bakin babbar hanya, a riƙa sauke kaya a can ana kawo su shago kaɗan-kaɗan da a-kori-kura ko ƙaramar babbar mota. Kuɗin dako zai ƙaru, amma bai kai na rushe katanga ba.

Zane a takarda yana da amfani, sai dai akwai gwajin da ya fi shi gamsarwa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kafin a haƙa tushe, a kafa turaku a shata katanga da ƙofa da kusurwar sito da toka ko igiya, a ɗauko tirela marar kaya da direban da ya san aiki, a ce ya shiga ya fita ta kowane ɓangare. A lura da tayoyin baya, domin ba sa bin sawun na gaba. Suna yanke kwana ta ciki, kuma su ne ke cin ginshiƙin ƙofa da bakin kwalbati. Duk turken da ya faɗi, a matsar da shi, a ƙara aƙalla rabin mita na sarari.

Ƙofa mai mita uku ko huɗu irin ta gida ba ta isa ba. Tirela mai karyowa daga titi tana son mita bakwai zuwa tara, da baki mai buɗewa kamar mazurari ta wajen titi, kuma gwargwadon ƙuncin titi, gwargwadon faɗin da ƙofa za ta ƙara. Ya fi kyau a janye ƙofar ciki da tsawon tirela guda, ta yadda motar da ta iso da asuba ta tarar da ƙofa a kulle za ta jira ba tare da gindinta yana kan kwalta ba. Kada a yi wa ƙofar baka ko allon talla a sama ƙasa da mita 4.5, kuma wayar da ke shigo da wuta shagon a ɗaga ta ko a binne ta.

Wurin da ƙofar za ta zauna ya dogara ga nisan gani. A ma'aunin injiniyoyin hanya, direban da ke gudun kilomita 50 a awa yana buƙatar kimanin mita 65 daga lokacin da ya hango abu zuwa lokacin da ya tsaya cak. A gudun 80, mita 130. A gudun 100, mita 185. Mai fitowa daga shago kuma yana da nasa lissafin. Ƙaramar mota na buƙatar tazarar daƙiƙa bakwai da rabi don ta fito ta karya hagu, tirela kuwa sha ɗaya da rabi, wanda a titin da ake gudun 50 ya kama mita 160, a na 80 kuma ya haura 250. Ana gwada wannan da ƙafa: mutum ɗaya ya tsaya inda direba zai tsaya a bakin ƙofa, wani ya yi ta tafiya gefen titi har ya ɓace masa, a auna nisan, hagu da dama. A Dutse abin da ke tare gani ya haɗa da duwatsun da gari ya samo sunansa daga gare su, da kwanar da ke zagaye su, da hawa da gangara, ban da bishiyar darbejiya, kes ɗin mai shayi da allunan talla. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana rage abin da aka auna a rana mai haske, kuma lokacin ne ciniki ya fi ƙarfi. Don haka idan awo ya zo daidai-wa-daida, a ɗauka bai isa ba.

Kusa da mararraba ko shataletale wuri ne mai jan ciniki, shi ya sa ake rububinsa, amma ƙofa ba ta zama a cikin tazarar da layin motoci ke kaiwa a awar cunkoso. A nan ne bayanin da mai ƙidaya ya rubuta yake amfani. A filin kwana, ƙofar manyan motoci ta koma kan titin da ya fi ƙarancin zirga-zirga, can nesa da kusurwa. Inda titi tagwaye ne mai shinge a tsakiya, kamar manyan titunan tsakiyar birnin, shiga da fita duk ta hannun dama ne, kuma ba a fasa shingen don shago ɗaya. A bi hanyar da mota a gano inda tirelar da ta fito ta ɗaya hannun za ta je ta juyo. Yankan da aka bari a shinge don ƙananan motoci ba ya ɗaukarta, sai shataletale. Idan babu shi kusa, direba zai bi hannun da ba nasa ba, ko da an hana shi.

Tsakanin titi da ƙofa akwai magudanar ruwa, kuma nan ne ake yawan yin arha mai tsada. Murfin kankare da aka zuba don mutane da babura ba zai ɗauki tayar motar da ke ɗauke da tan 30 ba. Mashigar tana buƙatar kwalbati da injiniya ya lissafa kaurinsa da rodinsa, faɗinsa ya kai na bakin mazurarin, ramin ruwansa kuma kada ya gaza na magudanar da ya tarar. Ba a cike magudana da ƙasa don a samu hanya. Ruwan Agusta da ke gangarowa daga kan dutse zai nemi wata hanyar, ko dai cikin sito ko gidan maƙwabci. Hawan daga titi zuwa haraba ya zama a kwance, ba tudu mai kaifi ba, don kada cikin tirela ya daki ƙasa. Aƙalla mita 15 zuwa 20 na farko a yi musu kankare ko intalok mai kauri a kan marmarar da aka daddaɓe sosai, saboda taya kada ta riƙa kwaso laka da tsakuwa tana zubarwa a kan kwalta, inda mai babur zai zame.

A cikin harabar, hanyar manyan motoci daban, wurin masu saye daban. Kowace ƙaramar mota tana cin mita 2.5 a 5, da sararin mita shida a bayanta don fita. Yawan gurabun ya fito daga ƙidayar da aka yi a shagon da aka ɗauka misali: mota nawa ke tsaye a lokaci ɗaya idan ciniki ya yi zafi. Babura da keke mai ƙafa uku su samu nasu wurin kusa da ƙofar kanti. Haka masu a-kori-kura da masu kura da 'yan dako, waɗanda duk inda aka buɗe shagon siminti sai sun kafa tasha a gabansa, ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba. Gara a ware musu inuwa a ciki tun farko. Ma'ajiyar rodi ta kwanta a tsawon hanyar mota, yadda za a zare sanda a ɗora ba tare da an juya mita 12 a kan mutane ba. Rodin da ya zarce bayan mota a ɗaura masa jan ƙyalle, a kuma yi ɗaurin a cikin shago. Masu shigowa da ƙafa a yi musu ƙaramar ƙofa tasu.

Sauran abin da gini bai magance ba, tsarin lokaci ke magance shi. A yi yarjejeniya da dila cewa tirela ba za ta iso a awar cunkoso ba, ko lokacin tashin 'yan makaranta, ko Juma'a da rana, kuma biyu ba za su haɗu ba idan wurin ɗaya ake da shi. Duk lokacin da babbar mota za ta fita, mutum ɗaya sanye da riga mai ƙyalli ya tsaya mata a bakin titi. Idan dole sai an bi layin unguwa, a san cewa ba a gina shi don irin wannan nauyi ba. Gwajin hanya da aka yi a Jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan kowane jerin tayoyin mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa titi tana ninkawa kusan sau 16. Saboda haka kafin a fara, a zauna da mai unguwa da maƙwabta a faɗa musu irin motocin da za su riƙa shigowa da lokutansu, a kuma amince kan wanda zai gyara abin da ya lalace.

Dukan wannan ana tattara shi a 'yan shafuka a haɗa da takardun neman izinin gini: taswirar wurin da ke nuna mararraba da makaranta da masallaci mafi kusa, sakamakon ƙidaya da ranakun da aka yi ta, ƙiyasin motsin shagon, zanen fili mai nuna ƙofofi da sawun tirela, awon nisan gani, da zanen kwalbati mai sa hannun injiniya mai rajista. Idan shagon a bakin babbar hanya yake, ana kai kwafi ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa don jin shawararsu kan alamun gargaɗi. Bayan an buɗe da wata uku zuwa shida, cikin rani, a maimaita ƙidayar a bakin ƙofa, a gwada da ƙiyasin farko, sannan a gyara lokutan sauke kaya ko yawan gurabun ajiye mota gwargwadon abin da aka gani.